Katiran ɗin Inna

Igurdan, Talata, 23 ga Nuwamba

Ƙanwata Itto,

Gaisuwa mai yawa daga kan dutse. Da fatan kina lafiya, karatun jinya yana tafiya, kuma abincin makarantar nan bai ƙarasa ramar da ke ba. Mu nan alhamdu lillahi. Inna lafiyarta ƙalau, sai gwiwar nan da ke damunta in sanyi ya shigo, kuma ya shigo. Mun gama shukar sha'ir. Alfadarina ya kwance ya cinye gefen tabarmar masallaci, har yau liman bai daina hararata ba.

Matata Hadda tana gaishe ki. Ta ce in gaya miki 'yarki Zaina ta fito da haƙori biyu, duk wanda ya ɗauke ta sai ya sha cizo. Sai dai haƙoran sun zo da zawo. Yau kwana goma ke nan, ya tsaya kwana biyu ya dawo. Ta ɗan faɗa, maɗigarta kuma ta ɗan lotsa. Inna ta taɓa wurin da yatsa ta ce ba wani abu ba ne, irin wanda take gyara wa 'ya'yan mutane kullum ne: tsaga uku da aska a ciki, a shafe jiki da katiran, baƙin man itacen nan, a ɗiga kaɗan a baki, shi ke nan. Da tuni an yi, to baƙin man ya ƙare a kan awaki, ƙazuwa ta kama su bana. Kin san Inna ba ta aron na wani, wai ba ta san hannun da ya ƙona itacen ba. Mutumin da take saye a wurinsa kuma sai nan da Laraba biyu zai zo kasuwa.

Saboda haka kada ki damu, likitar gidanmu. Na faɗa miki ne kawai don Hadda ta matsa mini. Jiya mata uku suka hauro daga gangare da 'ya'yansu, Inna ta ce su dawo in kaya ya zo. Suna fita suna cewa kwarin nan ya yi sa'a, uwa tana warkarwa, ga 'ya ta tafi birni ƙaro ilimi. Na ce musu su dakata tukuna sai kin iya yin allura ba tare da kin rufe ido ba.

Gobe zan ba direban motar kasuwa wannan. Ki rubuto da yawa. Inna ta fi son doguwar takarda, takan riƙe ta a cinya har shayinta ya huce.

Yayanki,
Bassu


Marrakish, Asabar, 27 ga Nuwamba

Yaya Bassu,

Wasiƙarka ta same ni yau da hantsi, ko rigar aiki ban cire ba na zauna rubuta wannan. Lafiyata lau. Ka gaishe da Inna da Hadda, ka shafa mini kan Zaina. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Kada a shafa wa Zaina katiran. Kada a ɗiga mata ko ɗigo ɗaya.

Wata biyu ke nan da aka kai mu ɗakin yara a asibiti. A cikin ɗalibai ni kaɗai nake jin yarenmu, don haka duk macen da aka sauko da ita daga duwatsu, ni ake kira in tsaya tsakaninta da likita. Ranar Litinin da ta wuce aka kawo wani yaro ɗan wata takwas. Tun kafin in shiga ɗakin na ji warin. Yaya, warin gidanmu ne, warin zanen Inna. Wallahi har wani daɗi na ji a raina, kamar na dawo gida. Likitar ta ɗaga rigar yaron, ga tsaga uku a ciki, jiki baƙi ƙirin. Ta ce in tambayi uwar yaushe rabonsa da fitsari. Uwar ta ce tun ranar da aka shafa masa, kwana biyu ke nan. An yi duk abin da za a yi, Laraba da la'asar ya cika. Uwar tana ta tambayata me ake cewa, me ake cewa, tana riƙe da gefen rigata.

Daga baya likitar ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Fatar jariri ba irin ta akuya ba ce, shanye man take yi ya shiga jini, ya je ya tsayar da ƙoda. Yaron da zawo ya riga ya tsotse shi ya fi saurin tafiya. Ta ce duk shekara sai an kawo mata irinsu. Sannan ta tambaya ko a cikinmu akwai wadda ta san masu yin wannan aiki. Na sunkuyar da kai, na yi ta kallon takalmina har aka tashi.

Lotsawar maɗiga ba komai ba ce sai ƙishirwa, ruwan jikinta ne yake ƙarewa. Ka nemi kwalbar mai ta lita ɗaya, a wanke ta tas, a cika ta da ruwan da aka tafasa ya huce. Na san babu cokalin awo a gidan, to ka fasa dunƙulen sukari ka daka, ka zuba a kofin shayi ya kai faɗin yatsu biyu, kada ya wuce. Gishiri kuwa abin da yatsu uku suka tsinta, sau biyu. Ka ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri, kuma kada Hadda ta ƙara sukari don ta ji bai kai shayi zaƙi ba. A riƙa ba ta kaɗan-kaɗan duk yini, nono kuma kada a fasa. In ta yini ba ta jiƙa tsumma ba, ka ɗora ta da Hadda a kan alfadari ka sauko, kada ka jira shawarar kowa.

Na san yadda ake karanta wasiƙata, a gaban kowa, Inna tana zuba shayi. Wannan ma haka za ka karanta ta, duka, kada ka tsallake ko layi ɗaya. Ba raina Inna na yi ba. Ita ce ta tsaya a gaban dattawan gari ta ce sai an bar ni na tafi karatu, ban manta ba. Amma tsoro nake ji, Yaya, irin wanda ban taɓa ji ba.

Ƙanwarka,
Itto


Kasuwar Laraba, 8 ga Disamba

Itto,

Muna lafiya. Zaina da ɗan sauƙi. A kan buhun gishiri nake rubuta wannan a tsakiyar kasuwa, don ba zan iya rubuta shi a gida ba.

Ban karanta ba. Gara in faɗa miki tun farko. Na fara lafiya lau, ina juya gaisuwar zuwa yarenmu yadda na saba, Inna tana murmushi tana ɗaga buta sama. Da idona ya sauka a kan layin katiran sai na kauce masa. Na ce kin ce kullum wake ake ba ku. Na ce malamarku ta yaba miki. Na ce an yi ruwa a Marrakish. Haka na yi ta zuba har na kai sunanki a ƙasa. Inna ta ajiye buta ta ce, "Bassu, takardar nan gaba da baya ce fa."

Na ce, "E, Inna."

Ta ce, "To ta fi maganar tsawo."

Na ce sauran duk na karatu ne, sunayen magunguna. Ta ce, "Uhm. Sunayen magunguna ne suka sa ka gumi cikin sanyin nan?" Ta miƙo hannu, na ba ta, ta ninke ta soke a ɗamararta. Ba ta sake tayar da zancen ba, kuma wannan shirun ya fi faɗa tayar mini da hankali.

Ke ma dai akwai ki da neman rigima. Kina can cikin farar riga kina cewa karanta duka, karanta duka. Zo ki karanta mana! In dubi matar da aka shekara arba'in ana sallama a ƙofarta in ce mata me? Ni an shafa mini. Ke ma an shafa miki, ina tsaye ina kallo, ga ki nan da bakinki. Rabin yaran kwarin nan ta hannunta suka bi, suna nan suna kiwo. Shekara biyu kacal a birni, har kin gano abin da kakanninmu ba su gano ba?

Na faɗi wannan ne don ya fita daga cikina. Na ja Hadda bayan garke na gaya mata komai. Ta zube a ƙasa ta ce, "Wayyo ni. Uwarka ce fa, ni baƙuwa ce a gidan nan, da wane bakin zan hana?" Mun haɗa ruwan yadda kika ce. Kwalbar tana ɓoye cikin buhun sha'ir, in Inna ta fita duba awaki sai Hadda ta yi maza ta ba yarinyar. Kin san Inna ba ta yarda a ba mai zawo ruwa, wai ƙara gudun cikin yake yi. Maɗigar ta ɗan taso, zawon ya ragu, amma bai tafi ba.

Mai katiran ya zo. Inna ta aiko ni, na saya. Ga tulun nan a mangala kusa da ƙafata, ina rubutu ina jin warinsa. Na yi tunanin in ce mutumin bai zo ba, to mutanen garinmu sun fi goma da suka gan shi. Na yi tunanin in fasa tulun a hanya, to sai dai ta sake aiko ni. Ta ce tunda yarinyar ta ɗan farfaɗo za ta saurara, amma ranar da wurin ya sake lotsawa ba za ta jira kowa ba.

Tun safe hadari ya rufe kan mashigar dutse. Direba yana ta danna ƙaho, wai in bai sauka yanzu ba dusar ƙanƙara za ta kama shi. Ki gaya mini yadda zan yi, amma ki gaya mini abin da mutum zai iya.

Bassu


Marrakish, Asabar, 11 ga Disamba

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Faɗan da ka yi mini bai ɓata mini rai ba, na san inda ya fito.

Ka ce in gaya maka abin da mutum zai iya. To ka sauko da Hadda da Zaina tun hanya tana buɗe. Ka ce ni na matsa ina son ganin haƙoran, ka ce duk abin da ka ga dama, ai na ga ka iya ƙirƙira. In hakan ya gagara, ranar da Inna ta ɗora tulun kusa da wuta, ka ɗauki 'yarka ka rungume, kada ka sake ta. Ba sai ka yi magana ba.

Ka ce an shafa mana mun rayu. Gaskiya ne, kuma shi ya sa mu ne muke nan muna magana. Sauran fa? Tun ina 'yar shekara tara ni nake riƙe wa Inna ƙafafun jarirai in za ta yi aiki. Yanzu ina tuno su ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka girma, da waɗanda bayan 'yan kwanaki muka ji an ce kwana ya ƙare, muka je gaisuwa. Da hannuna na riƙe su, Yaya. Jiya ina gwada zafin jikin wata yarinya sai na ga na kama ƙafafunta biyu irin riƙon nan, na sake ta da sauri har uwarta ta tsorata.

Ka amsa mini Larabar nan, ko da layi ɗaya ne.

Itto


Gindin mashiga, Lahadi, 26 ga Disamba

Yaya Bassu,

Da fatan wannan za ta same ku lafiya. Ban san me zan ƙara a kan gaisuwar ba, don ban san gidan da nake rubuta wa ba, ko ana dariya a cikinsa ko an shimfiɗa tabarmin makoki.

Laraba biyu ban ji daga gare ka ba. Na roƙi izini aka ba ni kwana uku, na hau mota har inda kwalta ta ƙare. Na shiga kantin da direba yake karɓar saƙo, sai ga wasiƙata ta ranar sha ɗaya a cikin kwali, tsakanin buhunan sukari, ba ta motsa ba. Duk kwanakin nan ina lallashin kaina cewa ka karanta, ka san abin yi, ashe magana nake yi ni kaɗai.

Mai kanti ya ce tun ranar da motar ta sauko ba wanda ya hau, ba wanda ya sauko. Dusar ƙanƙara ta kai ƙirjin mutum a mashiga. Na bi masu alfadarai uku ina roƙo. Na ƙarshensu, wani dattijo, ya ce, "'Yata, ko uwata ce ke naƙuda a can ba zan hau ba. Je ki yi addu'a." Na yi yini biyu a ƙofar kantin ina kallon dutsen. Daga nan ana ganin inda garinmu yake, fari fat, ko hayaƙi ban hango ba.

Na yi ta lissafin abin da ke gidan. Sukari zai kai? Hadda ta tuna da gishirin? Wa zai hana in abin ya dawo? Ni aka tura koyon jinya don kwarinmu ya daina binne yara, ga ni zaune a gindin dutse da ilimina a ka, ba abin da ya tsinana wa 'yar yayana.

Gobe dole in koma. Na bar wannan a kan waccan. Duk jaririn da aka shigo da shi asibiti yanzu, fuskarsa nake fara dubawa kafin in duba ciwonsa.

Itto


Igurdan, Talata, 11 ga Janairu

Itto, ni ne Bassu. Hanya ta buɗe, wasiƙunki biyu sun zo tare. Inna tana zaune a gabana, ta ce yau ita za ta faɗa ni in rubuta, bi da bi. Kafin ta fara na saci wannan layin: Zaina tana raye. Daga nan bakinta ne.

Itto, ni ce uwarki. Ina gaishe ki. Gwiwata tana nan yadda kika sani.

Takardarki da maƙaryacin nan ya mayar wake da ruwan sama, na kai wa liman washegarin kasuwa. Na same shi a ƙofar masallaci bayan azahar, cikin maza, na ce ya karanta mini abin da 'yata ta ce. Ya leƙa ciki ya ce mu koma gefe. Na ce a'a, a nan, 'yata ba ta rubuta abin kunya. Ya karanta, duka. Akwai mazan da ke zaune a wurin da na yi wa 'ya'yansu aiki, wasu suka dube ni, wasu suka dubi ƙasa. Na karɓi takardata na taho gida.

Na yi fushi da ke, kuma har yanzu ban gama ba.

Kwana shida da rufewar hanya zawon ya dawo da ƙarfinsa. Wurin ya lotsa har kan yatsana yana shiga. Ido ya faɗa, tana kuka ba hawaye. Na ɗora tulu kusa da wuta, na wasa aska. Hadda ta tsaya a bakin ƙofa, yayanki ya tsaya kamar turke. Ba wanda ya hana ni, ki san wannan. Na kwantar da ita a cinyata, na tsoma yatsa cikin man. Sai ɗaya hannun nawa ya tafi da kansa ya taɓa tsummanta. A bushe yake ƙamas. Shekara arba'in ina aikin nan, ban taɓa duba tsumman yaro ba.

Na goge yatsana a ƙasa. Na ce, "Ke Hadda, ɗauko mini kwalbar nan da kike ɓoyewa a buhun sha'ir. Kin ɗauka makauniya ce ni?" Na yi ta ɗiga mata da bakin kofin shayi, ta amayar in sake, ta amayar in sake. Ban san abin da nake yi ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, don in ta tafi, ta tafi ne ga magani a gefena na ƙi taɓawa saboda maganar yarinyar da na goya. Washegari da hantsi ta jiƙe mini zane. Yanzu tana rarrafe, ta ƙara haƙori ɗaya.

Tulun yana nan, ban zubar ba. Mata biyu sun zo cikin ƙanƙara da 'ya'yansu, na ba su kwalba da sukari, suka dube ni kamar wadda ta taɓu. Ɗaya ta karɓa. Ɗayar ta wuce wurin wata mai aikin a ƙauyen gaba, ban ji labarinta ba. Ki gama karatun nan ki dawo, ni ban san abin da zan riƙa ce musu ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zaunar da yayanki. Kafin Bassu na haifi namiji, sunansa Addi. Ba ku san shi ba. Ban taɓa faɗa ba, mahaifinku ma har ya koma ga Allah bai ƙara kiran sunan ba, mutanen gari kuma suka taya mu shiru. Yana wata bakwai ya yi zawo. Lokacin ban daɗe da karɓar aikin daga hannun kakarku ba. Na shafe shi tun daga ka har tafin ƙafa, don nawa ne, ban yi masa rowa ba. Zawon ya tsaya, na yi murna. Tsummansa ma ya daina jiƙewa, na ce sauƙi ne ya zo. Kwana uku ya yi. Aka ce bakin mutane ne ya kama shi, na yarda, na ci gaba da aikina.

Ba ni da wanda zan tambaya sai ke. Ki rubuto ki gaya mini ko ni ce.

Nan ta tsaya. Ta tashi ta fita wurin awaki, ba ta ɗauki mayafi ba. Ni ne Bassu kuma. Yau na fara jin cewa ina da yaya. Itto, ki yi tunani kafin ki ɗauki alƙalami, don duk amsar da kika rubuto, a bakina za ta ji ta.

Bassu